Kwana 77 Tsakanin Zaure da Gindin Darbejiya

Ni direban motar haya ne, kuma na shekara goma sha tara ina jigilar fasinja tsakanin Ɗambatta da birnin Kano kafin annobar korona ta iso ƙasar nan. Gidanmu yana wani ƙauye da ke arewa da garin Ɗambatta, inda a lokacin nake zaune da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da maiɗakina da 'ya'yanmu biyar. A tsawon waɗannan shekaru ban taɓa yin kwana uku a jere ban fita ba, sai dai idan zazzaɓi ne ya kayar da ni. Ina idar da sallar asuba nake ficewa don in kama layi a tasha, ba kuma na dawowa sai bayan isha'i, lokacin da ƙananan yaran suka riga suka yi barci, Baba kuma ya shige ɗakinsa da ke jikin zaure. Gidan nawa ne, ni nake ciyar da shi, amma ban san yadda rana take fitowa ta faɗi a cikinsa ba.

Labarin cutar a cikin mota na fara jin sa, domin babu maganar da ke yawo a gari wadda ba ta biyowa ta kujerar baya. A ƙarshen watan Fabrairun 2020 aka ce an sami wani ɗan ƙasar Italiya da ita a Legas, fasinjoji suka dinga gardama a kai har mu isa tashar Ƙofar Ruwa. Wani ya ce cutar masu hawa jirgi ce, wani ya ce ba za ta iya da zafin ranar Kano ba, wani kuma ya rantse cewa babu ita sam. Ni ma a raina ban ɗauke ta da muhimmanci ba, sai ranar da wani matashi ya miƙo wayarsa aka dinga zagayawa da ita, ga hoton Ka'aba babu mai ɗawafi ko ɗaya, domin Saudiyya ta dakatar da Umara. Daga inda aka nuna hoton nan har muka shiga gari ba wanda ya sake cewa uffan. Bayan haka abubuwa suka zo a jere kamar an kwance su. Aka rufe makarantu a watan Maris, aka rufe iyakokin jihar a ƙarshen watan, wanda hakan ya tsayar da abokan aikinmu masu zuwa Kazaure da Daura, sannan ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano. Daren Alhamis 16 ga watan dokar kulle ta mako guda da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya ta fara aiki. Mai motar da nake ja ya kira ni ya ce in kai ta gida in ajiye sai abin da hali ya yi. Na shigar da ita gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanmu, na sa duwatsu a tayoyin, na zare makulli, ina lissafin cewa nan da kwana bakwai zan koma bakin aiki.

Ya kamata in faɗi gaskiya a kan yadda kullen ya kasance a ƙauye, domin ba irin na birni ba ne. Ba a girke mana jami'an tsaro a lunguna ba, mai zuwa rijiya yana zuwa, mai kai taki gona yana kaiwa. Abin da ya tsaya shi ne abin da ke haɗa mu da waje. Kasuwar Ɗambatta da ke ci ranar Lahadi ta daina ci, masallacin Juma'a ya rufe, babbar hanya ta yi tsit, kuɗi kuma suka ɗauke daga hannun mutane kamar ruwan kududdufi a bazara. Wasu maƙwabtanmu sun ci gaba da zaman majalisa da cin tuwo a kwano ɗaya kamar ba abin da ya faru. Ni abin da ya ɗaure ni a gida Baba ne. Ya haura shekara tamanin, yana da hawan jini, kuma kullum rediyo na nanata cewa tsofaffi da masu wata cuta a jiki su ne wannan annoba ta fi yi wa illa. Na san cewa idan ina yawo a gari ina dawowa in zauna kusa da shi, duk abin da ya same shi ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Makon farko ya yi mini nauyi fiye da yadda zan iya kwatantawa. Jikina ya saba da sitiyari, sai ga shi na farka da asuba babu inda za ni. Nakan koma barci bayan salla in tashi rana ta take, kaina yana sarawa, in zauna a tsakar gida riƙe da rediyo ina murɗawa daga wannan tasha zuwa waccan. Labaran ba masu daɗi ba ne. Ranar 17 ga Afrilu Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu da cutar, sannan aka fara maganar yawan mace-macen dattawa a cikin birni, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irinsa ba. Da dare barci ya ƙaurace mini, ina ta ƙidaya abin da ya rage a rumbu da abin da ya rage a aljihu. Zuciyata ta yi kusa, abu kaɗan sai faɗa. Wata rana na daka wa autarmu tsawa don kawai ta zubar da ruwan buta, yarinyar ta tsaya tana kallona tana rawar jiki kamar ba ta san ni ba. Da daddare maiɗakina ta same ni a hankali ta ce, "Maigida, yaran nan sun fara tambayata yaushe za ka koma aiki. Ba don sun gaji da kai ba ne, tsoro suke ji." Wannan magana ta tsaya mini a ƙirji har gari ya waye.

Abin da ya fara ceto ni motar ce. Duk direba ya san cewa mota ba ta son dogon zama, domin batir yakan yi sanyi, taya ta sace, ɓeraye su shige inji su ci waya. A kwana na shida na fito bayan asuba na buɗe bonet, na zaro ma'aunin baƙin mai na goge shi da tsumma na mayar na sake dubawa, na leƙa ruwan lagireto, sannan na shiga na murɗa makulli. Sai da ta yi gardama sau biyu kafin ta kama. Na bar ta a silo na fito ina goge gilashi, sai na ji takun sanda a bayana. Baba ne, ya fito daga zaure da carbinsa a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya daɗe yana sauraren ƙarar injin, sannan ya ce, "Gobe ma ka tayar da ita war haka. Abin da aka saba wa motsi, in aka bar shi a zaune lalacewa yake yi." Na buɗe masa ƙofar gaba ya shiga ya zauna, na kunna masa rediyon motar muka saurari labaran safe tare. Da shirin ya ƙare na kashe injin, na kashe rediyon.

Tun daga ranar wannan ya zama mabuɗin yinin gidanmu. Man da ke tankin kaɗan ne, don haka ba na wuce minti goma, duk da cewa a lokacin gwamnati ta sauke farashin fetur daga naira 145 zuwa 125, ta kuma ƙara saukewa kaɗan a watan Afrilu. Babban ɗana ya karɓi aikin duba iskar taya, mai bi masa ya karɓi wankin gilashi, autar kuma ita ke riƙe mini tsumma, a haka ta daina gudu idan ta gan ni. Na kuma yanke wa kaina doka cewa labaran annoba sau biyu kawai zan ji a rana, na safe a cikin mota tare da Baba, sai na bayan magariba. A ganina wannan yana cikin mafi amfanin abin da na yi a kullen nan, domin adadin waɗanda suka kamu ba ya raguwa don na ji shi sau goma, zuciyata ce kawai take ƙara tsinkewa.

Da na daina komawa barcin safe sai idona ya buɗe a kan gidan. Ashe yinin a tsare yake tun da daɗewa, maiɗakina ce ke riƙe da shi ba tare da agogo ba. Ta san lokacin da za a kunce awaki a ba su dusa, da lokacin surfe da na kai niƙa, da lokacin da inuwar katanga za ta iso bakin murhu a ɗora tukunya. Ban ƙirƙiro wani sabon tsari ba, gurbi na nema a cikin nata. Na karɓi ɗiban ruwa, ni da yara maza biyu muna zuwa burtsatse da jarkoki tun kafin layi ya yi tsawo, mu cika randuna mu ajiye na dabbobi. Na ajiye buta da sabulu a bakin zaure, duk wanda ya dawo daga waje sai ya wanke hannu sosai kafin ya shiga, ranar da sabulu ya yanke kuma mu yi da toka. Wani tela a unguwarmu ya ɗinka mana takunkumi da ragowar atamfa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hana musafaha, domin a wurinmu mutum ya miƙo maka hannu ka ƙi karɓa ba ƙaramin abu ba ne. Na koyi riga mutum ɗora hannu a ƙirji tun daga nesa, in tsawaita gaisuwa, in tambayi iyali da gajiya da zafi, don kada ya tafi da wani abu a ransa.

Ranar Juma'a 24 ga Afrilu aka tashi da azumi, a tsakiyar zafin bazara. Bayan kwana uku Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya sanya wa Kano kulle na mako biyu, a daidai lokacin da ake shirin sassautawa a Legas da Abuja, daga nan na daina lissafin ranar komawa aiki. Baba, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi da gangan ba, ya koma yin salla a zaure. Shi ke jan mu, ni da yara maza a bayansa, mata a bayanmu daga bakin ƙofar tsakar gida. Asham ma a nan muke yi, idan tsayuwa ta yi masa yawa ya ce in wuce gaba. A nan asirina ya tonu, domin surorin da nake da su a ka ba su da yawa, waɗanda nake da su ɗin ma wasu sun zube. Ina izu ashirin na bar makarantar allo na bi mota, ban kuma sake waiwayarta ba.

Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari bayan azahar ya aiki babban ɗana ya ɗauko wani allo daga saman rufin ɗakinsa, duk ƙura ta rufe shi. Allona ne na yarinta, ashe yana ajiye da shi kusan shekara talatin. Ya sa aka wanke shi aka jingine a rana, ya fere alƙalami, ya dama tawada a 'yar kwalba, ya ce in rubuta daga inda na tsaya. Hannuna da ya saba da giya ya dinga karkarwa a kan allon, baƙaƙen suna fita a karkace, shi kuma yana zaune a kan buzunsa yana gyara mini wasali ba tare da ya duba takarda ba. Ya biya mini sau uku, na maimaita, ya ce in je in yi ta yi sai la'asar. 'Ya'yana suka ga ubansu a durƙushe da allo a cinya, su ma kowa ya ɗauko nasa ba tare da an ce musu komai ba. Haka tsakanin azahar da la'asar, lokacin da azumi ya fi cizo, ya zama lokacin karatu a gidanmu. Da hantsi kuma yaran sukan zauna da littattafansu na boko su bi darussan da gidajen rediyo suka fara sanyawa saboda rufe makarantu, babbar 'yata tana taimaka wa ƙannenta da lissafi.

Batun abinci kuwa ba a magana. Rumbu yana da gero da 'yar dawa daga kakar da ta wuce, amma cefane kuɗi yake so, ni kuma rabona da riƙe kuɗin lodi tun ranar da na ajiye mota. Maiɗakina ta koma auna komai da tiya, ta san kwana nawa kowane dami zai kai mu. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da ƙosai idan akwai wake, in babu a yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ƙanƙarar da ake kawowa daga gari ta ɗauke, sai ruwan randa da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Sau biyu na sayar da akuya ga dillalin da ke bin gida-gida, a farashin da na san da kasuwa na ci ba zan saurare shi ba. Ban taɓa sanin nawa ake ci a gidana a rana ba sai a wannan azumin, kuma tun daga lokacin ban sake miƙa kuɗin cefane ina kallon wani wuri ba.

A farkon watan Mayu, kwanakin da aka sanar da rasuwar Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, aka kira ni a waya daga birni aka ce aminin Baba ya rasu. Tare suka yi yawon ci-rani suna samari, tare suka yi fataucin goro, kuma ko bayan tsufa ya kama su ba a yin wata biyu ban kai wa ɗaya saƙon ɗaya ba. Kwana uku kawai ya yi yana zazzaɓi da numfashi sama-sama. Na rasa yadda zan faɗa wa Baba, na bari sai da aka sha ruwa sannan na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi shiru. Da asuba na fito tayar da mota sai na tarar da shi tsaye a jikinta, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a da hula, sandarsa a hannu. Ya ce, "Cire duwatsun nan ka kai ni."

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara. Hanya a rufe take, kuma tun jiya aka yi masa sutura." Ya ce, "To gaisuwar fa? Shekara sittin muna tare, a ce ya kwanta dama ban je na zauna a tabarmarsa ba? Da wane ido zan kalli 'ya'yansa?" Ban taɓa yi wa mahaifina musu ba tun da na yi wayo, amma ranar na ce masa ba zan iya ba. Na ce gidan da aka yi irin wannan rasuwa ba wurin zuwan mai shekarunsa ba ne a wannan lokaci, kuma in ya ga dama ya yi fushi da ni, na ɗauka. Na aika aka kira limamin unguwarmu, ya zo ya tsaya daga ɗan nesa, ya tuna masa umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan annoba ta sauka a wani gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita, ya kuma tuna masa yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba a can. Baba ya fi mu sanin duk wannan. Ya saurara har liman ya gama, ya juya ya shige ɗakinsa ya saki labule.

Ranar bai fito jam'i ba, a ɗaki ya yi sallolinsa. Allona ya yini a jingine. Abincin buɗa-baki da aka kai masa kunu kawai ya kurɓa ya turo sauran. Na kwana ina tambayar kaina ko na yi daidai, domin na san cewa baƙin ciki ma yana kashe tsoho. Da gari ya waye na yi niyyar barin motar, ina ganin ƙararta za ta zame masa kamar tsokana, sai maiɗakina ta ce, "Ka je ka tayar da ita yadda ka saba. In ya ji shiru zai ɗauka kai ma fushi kake yi." Na je na buɗe bonet, na duba baƙin mai, na tayar da ita, na buɗe ƙofar gaba na bar ta a buɗe, na kunna labarai. Bai fito ba. Washegari na sake yin haka, yaran suna goge gilashi suna satar kallon ƙofar zaure. A safiya ta uku, ana tsakiyar labarai, na ji takun sandarsa. Ya zo ya shiga ya zauna a wurinsa bai dube ni ba. Da na kashe injin sai ya ce, "Kira mini babban ɗan marigayin." Na kira na miƙa masa wayar, ya yi ta'aziyya yana hawaye, ya daɗe yana addu'a. Ya umarci a daka gumba a raba wa maƙwabta sadaka, yara suka kai gida-gida suna miƙawa daga bakin ƙofa. Bayan azahar kuma ya ce in ɗauko allo, ya tambaye ni inda muka tsaya.

Na sha tunanin waɗannan kwana uku. Ba hujja ce ta fito da Baba daga ɗaki ba, domin hujjar yana da ita tun kafin a haife ni. Abin da na fahimta shi ne ya sami abin da zai dawo ya tarar yana nan yadda ya bar shi, a lokacinsa, ba tare da an ce masa ya yi haƙuri ko an sake tayar da maganar ba. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya bayyana cewa binciken da aka yi ya gano mutum 979 ne suka rasu a Kano a wancan tsakanin, kuma ana jin rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Muna cikin mota muka ji wannan labari, Baba ya ja carbinsa ya yi musu addu'a, bai ƙara komai a kai ba.

Bayan wannan rasuwa ya tsiro da tufka da yamma. Akwai ramar da aka sare tun kaka aka jiƙa aka ɓare, tana rataye a rumfa ba wanda ya kula ta. Bayan la'asar sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya yayyafa wa ramar ruwa ta yi laushi, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya dinga murza sili biyu a tsakanin tafukansa yana haɗe su, yana sako sabon zare tun kafin na hannu ya ƙare yadda ba za ka gane mahaɗin ba. Ya koya mini, ya koya wa jikokinsa. Tawa takan fito wani wuri kauri wani wuri siriri, sai ya karɓa ya warware ya ce in sake, domin igiya a inda ta fi siranta take tsinkewa. A bakin wannan tufka na ji labaran da ban taɓa ji ba, na yadda ya yi tafiyar ƙasa zuwa Kano yana saurayi, da yunwar da aka yi a farkon shekarun 1970 lokacin da fari ya cinye amfanin gona da dabbobi, da yadda mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta riƙe gidan a lokacin da tafasa da ɗan tsaki. Muna yi har inuwa ta miƙe, a fara jin ƙamshin ƙosai daga cikin gida, sannan mu naɗe mu je mu yi alwala.

Gwamnati ta ware ranakun Litinin da Alhamis don mutane su fita su yi cefane na 'yan sa'o'i, wasu abokan aikina suka fara satar lodi a waɗannan ranaku. Sun kira ni, na kuma yi sha'awa, domin aljihu ya bushe ƙaf. Amma na tuna yadda ake cusa mutane a mota kafaɗa da kafaɗa, na dubi Baba, na ce su yi mini uzuri. Da salla ta zo ranar Lahadi 24 ga Mayu an ba da izinin zuwa Idi, ko da yake ba a yi hawan salla ba. A nan kam ban iya hana shi ba, ban ma gwada ba. Na ɗaura masa takunkumi, muka tsaya a ƙarshen sahu ta gefen gona, ana sallamewa na riƙo hannunsa muka juyo kafin a fara gaishe-gaishe.

Da ruwa ya sauka a watan Yuni sai gona ta karɓi safiyarmu. Shekara da shekaru kuɗi nake biya a yi mini shuka da noma, a wannan daminar kuwa ni na riƙe sungumi ina sara, yara suna bina suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Duk da haka ba mu fasa tayar da mota kafin mu tafi ba, ba mu kuma fasa allo bayan azahar ba. Kafin gero ya kai gwiwa na ƙara izu biyu a kan ashirin ɗina.

Ranar 2 ga Yuli aka sanar da ɗage dokar kulle a Kano. Mai mota ya kira ni da daddare ya ce in fito da safe. Na idar da asuba a bayan Baba, na je na duba baƙin mai da ruwa, yara suka janye duwatsun da suka kwana saba'in da bakwai a gindin tayoyin, har ƙasa ta yi musu gurbi. Na tayar da ita, Baba ya fito ya shiga ya zauna muka ji labarai har ƙarshe kamar kullum. Da zai sauka sai ya sa babban ɗana ya ɗauko wani naɗin igiya daga zaure, mai kauri, wadda ya tufka da hannunsa ba tare da na taɓa ta ba. Ya ce, "Ga wannan, ka riƙa ɗaure kayan mutane da ita." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya na sa a but. Ya dafa ƙofar ya ƙara da cewa, "Azahar ta fi ƙarfinka yanzu, mun mayar da karatun bayan magariba. Kada ka tsaya lodin dare." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Na sa giya na hau hanyar Ɗambatta, takunkumina yana rataye a jikin madubi, ina biya ƙarin jiya a zuciyata don kada ya zube kafin in dawo.